Baƙi a Gidan Lusi

Ka san halin baƙo. Wani baƙon in ya sauka gidanka, hira ta yi daɗi, yara su yi ta murna, ran da zai tafi kowa ya ji babu daɗi. Wani kuwa in ya sauka, sai ya hau tabarmar mai gida, ya karɓe zance, ya hana kowa sakat, har a ƙosa a ga ƙeyarsa. To, zancenmu na yau a kan baƙi ne, amma baƙin cikin wasan kwaikwayo na talabijin.

Wasan da za mu duba tsoho ne, na ƙasar Amurka. Sunansa I Love Lucy, wato "Ina son Lusi". An fara nuna shi ran 15 ga Oktoba 1951, aka gama a watan Mayu 1957. An yi kashi 180, kowane kashi wajen rabin awa. Hoton ba shi da launi. Manyan ƴan wasansa huɗu duk sun mutu. Amma har yanzu ana kallonsa, kuma guntayensa suna nan a intanet, mai wayar hannu yana iya gani.

Kila ka ce: ina ruwana da wasan Turawa na zamanin kakanni? Ga ruwanka. Dabarar da suka yi a wancan lokaci, ita ake yi maka yau a finafinai da wasannin talabijin. Sai a ɗauko wani sananne, mawaƙi ko ɗan wasa, a saka shi cikin labari don a ja idonka. In ka gane yadda abin ya kasance a gidan Lusi, za ka iya rarrabe baƙon da ya zo ƙara wa wasa armashi da wanda ya zo cin kasuwarsa.

Mutanen gidan

Mutum huɗu ne ke riƙe da wasan. Akwai Lusi, matar aure, tana zaune a gidan haya a birnin Niyu Yok. Mijinta Riki makaɗi ne, shi ne shugaban ƴan kiɗa a wani gidan rawa. Sai mai gidan hayar, Fired, dattijo marowaci, da matarsa Etel, aminiyar Lusi.

Burin Lusi ɗaya ne. So take ta shiga wasa ta yi suna kamar mijinta. Riki kuwa ya ce ta zauna gida. Saboda haka kowane mako sai ta ƙulla wata dabara, ta yi ƴar ƙarya, ta jawo Etel ciki. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kafin rabin awa ta cika, asiri ya tonu, Lusi ta sha kunya, a yi faɗa, a shirya.

Wadda ta fito a Lusi sunanta Lucille Ball. Wanda ya fito a Riki sunansa Desi Arnaz. Miji da mata ne na gaskiya, tun 1940 suka yi aure. Desi mutumin tsibirin Kuba ne, kuma in yana Ingilishi kana jin harshen garinsu a bakinsa. Da farko masu gidan talabijin na CBS sun ƙi shi. Suka ce jama'a ba za su yarda ƴar Amurka tana auren ɗan Kuba ba. Lucille ta kafe, ta ce in ba da mijinta ba, ba za ta yi ba. Ka ga ke nan mai gidan shi kansa baƙo ne a ƙasar. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Ana ɗaukar wasan da kyamara uku a lokaci guda, a gaban ƴan kallo na gaske, wajen mutum 300. Duk baƙon da ya zo, a gaban wannan taro zai yi wasansa. In bai ba da dariya ba, nan take zai ji shiru. Wasan ya karɓu ƙwarai. Ran 19 ga Janairu 1953, da aka nuna kashin da Lusi ta haihu, wajen mutum miliyan 44 suka kalla.

Me ya sa ake kawo baƙo?

In kana ganin mutum huɗu kowane mako, za ka haddace halinsu. Ka san abin da zai fusata Riki. Ka san Fired ba zai fid da ko dala ba. To, baƙo shi ke motsa ruwan da ya kwanta. Yana shigowa da idon wanda bai saba ba. Abin da mu muka saba gani ga Lusi, shi mamaki yake ba shi, kuma mamakinsa ke sabunta mana dariya.

Amma kowane gida da dokarsa. Dokar gidan Lusi ita ce: duk wanda ya shigo, sai girmansa ya ɗan zube. Mai riga fes zai fita da dauɗa. Mai taƙama zai sha kunya. Baƙon kirki a wasan nan shi ne wanda ya yarda da wannan doka, ya ba da nasa, ya bar labarin a hannun masu gida. Da wannan mudu za mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Mace mai aikin alewa

Mu fara da baƙuwar da ba ta da suna a gari. A kashin da aka nuna ran 15 ga Satumba 1952, mazan da matan suka yi gardama: wa ya fi shan wahala, mai fita neman kuɗi ko mai aikin gida? Sai suka yi musaya. Riki da Fired suka kama girki da wanki. Lusi da Etel suka tafi neman aiki, aka ɗauke su a wani gidan yin alewar shokola, bayan sun yi ƙaryar sun iya.

Aka zaunar da Lusi kusa da wata mace mai tsoma alewa cikin narkakkiyar shokola. Sunan matar Amanda Milligan. Ba ƴar wasa ba ce, wannan shi ne aikinta na gaskiya. Ba ta ce uffan ba. Ba ta yi ko murmushi ba. Hannunta kawai ke tafiya, alewa na fita ɗaya bayan ɗaya. Lusi tana kwaikwayonta, amma sai dagwalo take yi kamar yaro cikin taɓo. Can sai ƙuda ya sauka a fuskar matar. Lusi ta kai masa duka da hannu cike da shokola. Matar ta juyo, ta rama, ta shafe wa Lusi fuska.

Me ya ba da dariya a nan? Ka tuna gwanar sussuka tana aikinta, sai wata ƴar gayu ta zo ta ce ita ma ta iya. Gwanintar ta farkon ita ke tona asirin ta biyun. Da matar nan ta yi ƙoƙarin ba da dariya, da wasan ya lalace. Ta tsaya a kan abin da ta sani, kuma wannan ya isa.

Ɗan ƙauye a birni

Wannan baƙo ya shafe ka, mai karatu, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. A watan Mayu 1954 aka kawo wani mawaƙi mai suna Tennessee Ernie Ford. Ya fito a matsayin Ani, saurayi daga wani ƙauye mai nisa. Uwar Lusi ce ta aiko da wasiƙa, ta ce ga ɗan wasu mutanen arziki nan zuwa birni, a sauke shi. Dangantakar ta yi nisa, har ba a iya bin sawunta. Amma yana shigowa ya mai da kowa ɗan uwa. Ka san irin wannan baƙo, a ko'ina akwai shi.

Ani bai san birni ba. An ba shi gado mai naɗewa, bai san ana buɗe shi ba, ya kutsa ciki a naɗe ya kwanta. Ga ci, ga waƙa, ga shi ba shi da ranar tafiya. Lusi ta ji cewa uwarsa ta gargaɗe shi a kan miyagun matan birni. Sai ta yi shigar irin waɗannan mata, ta zo tana yauƙi don ta tsorata shi ya gudu. Ashe abin daɗi ya yi masa. Ita ce ta koma gudu.

Mako na biyu ma yana nan. Suka ajiye masa tikitin mota inda zai tsinta, dabarar ba ta ci ba. Daga ƙarshe suka yi ƙaryar talauci, suka nuna masa ko abinci ba su da shi, don ya ji tsoron yunwa ya kama gabansa. To, a nan labarin ya juya. Ani bai gudu ba. Ya ce ba zai bar mutanen da suka sauke shi cikin wahala ba. Ya nemo musu hanyar samun kuɗi, ya kai su duka wani shirin talabijin, suka yi shigar ƴan ƙauye suka yi waƙa tare da shi.

Yaya za mu yanke wa wannan hukunci? Akwai abin zargi. Rabin dariyar, dariyar raina ɗan ƙauye ce. An nuna shi wawa, bai san gado ba, bai san komai ba. Wannan tsohuwar al'adar ƴan birni ce, kuma ba a Amurka kaɗai ake yinta ba. Mutumin da ya san lokacin shuka, ya san ciwon dabba da ido, ba wawa ba ne don bai taɓa ganin gadon ƙarfe mai naɗewa ba. Kai ɗan birni gona ka ba shi hauya, ka ga wanda za a yi wa dariya.

Amma ka duba ƙarshen labarin. Su wa suka yi ƙarya? Ƴan birni. Wa ya nuna mutunci? Ɗan ƙauye. Ernie Ford ya yi wasan da zuciya ɗaya, bai sa Ani ya zama abin ƙyama ba. Kana yi masa dariya, can kuma sai ka ga kunyar ta koma kan masu gida. Wannan shi ne aikin baƙo na gari: zuwansa ya sa mun ga halin mutanen gidan da ba mu lura da shi ba. Jama'a sun so shi, har aka sake kawo shi karo na uku a 1955.

Tauraron da ya rama kallo

A farkon 1955 masu rubuta wasan suka fid da mutanen huɗu daga Niyu Yok. Suka ce an kira Riki ya yi fim a Holiwud, unguwar masu yin finafinai a birnin Los Anjalas. Duka huɗun suka shiga mota suka tafi. Daga nan ƙofa ta buɗe wa manyan ƴan fim, waɗanda ake kira taurari. Su ba sa ɗaukar wani suna a wasan. Kowa da sunansa na gaskiya yake fitowa.

A kashin watan Fabrairu 1955, Lusi ta je wani gidan abinci inda taurari ke zuwa, don kawai ta ba idonta abinci. Sai ga William Holden ya zauna a bayanta. Shi kuwa a 1954 ya karɓi lambar Oska, babbar kyautar ƴan fim ta Amurka. Lusi ta zuba masa ido, ta hana shi cin abinci. Da ya gaji, sai ya juya ya rama. Ya tallafe haɓa, ya zuba mata ido ita ma, tana cin taliya. Loma ta ƙi wucewa. Taliya ta yi ta reto a bakinta, har sai da Etel ta sa almakashi ta yanke. Lusi ta tashi za ta gudu, ta bangaje mai raba abinci, farantin gato ya kife a kan Holden.

Ba a nan ta tsaya ba. An jima sai Riki ya haɗu da Holden wurin aiki, ya kawo shi masauki don ya gaisa da matarsa. Lusi ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗaura kallabi, ta sa tabarau, ta liƙa dogon hanci na danƙo don kada ya gane ta. Duk lokacin da ta taɓa hancin, sai ya sake kama. Holden ya ƙyasta mata wuta za ta sha taba, hancin ya kama da wuta. Ta sunkuya a hankali, ta tsoma shi cikin kofin kafe.

Holden bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Aikinsa duka da ido ya yi shi. Ya yarda aka ɓata masa riga a gaban duniya. Kuma da asiri ya tonu, bai gaya wa Riki abin da ya faru a gidan abinci ba, ya rufa mata asiri. Ya bi dokar gida, ya fita da mutuncinsa. Ya kuma bar mana abin tunani: kallon da muke yi wa manya, in aka juyo mana da shi, ba za mu iya haɗiye ko loma ɗaya ba.

Baƙon da bai yi magana ba

In ka tambaye ni wanda ya fi duka, zan ce Harpo Marx, a kashin watan Mayu 1955. Tsohon ɗan wasan ban dariya ne, ya haura shekara 65 a lokacin. A wasanninsa ba ya magana. Yana da gashi cukwi-cukwi, da doguwar hula, da babbar riga, da wani ƙaho na roba da yake matsawa maimakon magana.

Ga labarin. Lusi ta yi wa wata ƙawarta cika baki, ta ce taurari duk abokanta ne. Sai ga ƙawar ta zo Holiwud, ta ce a nuna mata su. Ƙawar ba ta gani sosai in babu tabarau. Lusi ta ɓoye tabarau ɗin, ta riƙa fita tana dawowa da shigar taurari ɗaya bayan ɗaya. Tana cikin shirin shigar Harpo, sai ga Harpo na gaskiya ya iso.

Da suka yi kiciɓis, Lusi ba ta da wurin ɓuya. Sai ta tsaya a gabansa ta yi kamar ita ce hotonsa a madubi. Ya ɗaga hannu, ta ɗaga. Ya yi tsalle, ta yi. Ya ɓuya ya leƙo, ta leƙo. Shi yana shakka, yana ta gwada ta da dabaru. Daga ƙarshe duka biyu suka saki hula. Tasa tana da zare, ta dawo hannunsa. Tata ta faɗi ƙasa. Asiri ya tonu.

Wannan wasan madubi ba sabo ba ne. Harpo da ƴan uwansa sun yi shi a wani fim tun 1933. Amma duba yadda ya zauna daram cikin labarin Lusi. Ita kullum burinta ta zama wani. Yau ga ta ta zama inuwar wani, kuma dole ta bi duk motsinsa ko ta sha kunya. Baƙon ya kawo tsarabarsa, tsarabar ta dace da gidan. Ba wanda ya danne wani, don wasan madubi ba ya yiwuwa sai da mutum biyu masu ƙarfi ɗaya. Wani abin daɗi kuma, ba ka bukatar jin Ingilishi. Kai da ke Madarunfa ko Matamaye, in ka gani za ka yi dariya daidai inda mutanen Amurka suka yi a 1955.

Ruwa ba ya tsami banza

A watan Oktoba 1955 aka kawo John Wayne, sarkin finafinan kaboyi. Irin waɗannan finafinai ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Sun shiga ran samari ƙwarai, har Mustafa Alasan ya yi fim a 1966 a kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka dami gari.

A Holiwud akwai wani gidan silima inda taurari ke taka ɗanyen siminti, su bar sawunsu, su rubuta sunansu. Lusi da Etel suka ɓamɓaro falalen da ke da sawun John Wayne don su kai gida tsaraba. Falalen ya faɗi ya farfashe. Riki ya roƙi John Wayne ya sake taka wani. Ya yarda. Amma duk wanda ya taka, sai wani a gidan ya lalata shi. Daga ƙarshe ya gaji, ya kawo musu tuli guda, don in sun fasa wannan ga wani.

Labarin ya yi kyau. Jarumin da ke korar ƴan fashi a fim, ga shi mace ɗaya ta gajiyar da shi. Amma ka buɗe ido. A cikin wannan kashi an yi tallar sabon fim ɗinsa mai suna Blood Alley, wanda ya fito a shekarar. Haka taurari da yawa suka yi. Suna zuwa gidan Lusi ne don miliyoyin mutane na kallo, kuma suna da hajar sayarwa. Wasan kansa ma, a shekarunsa na farko, kamfanin taba na Philip Morris ne ke biyan kuɗinsa, kuma taba ba ta rabuwa da hannun ƴan wasa. Talla cikin wasa ta fi tallar fili shiga rai, don tana zuwa lokacin da kake dariya, ba ka yi shirin ciniki ba.

Wanda ya ɓoye sunansa

Ga kishiyar wannan. A watan Janairu 1957 aka kawo George Reeves, wanda ke fitowa a Superman, jarumin yara mai tashi sama. Lusi ta yi alkawarin Superman zai zo bikin ranar haihuwar ɗanta. Da ta ga kamar ba zai zo ba, sai ta yi shigarsa, ta fita ta taga, ta bi gefen bango can saman bene don ta shigo wa yara ba zato. Ta maƙale a waje. Tattabaru suka sauka a kanta, ruwan sama ya sauko. Superman ya iso, ya fita ya cece ta. Da ya ji yawan shekarun da Riki ya yi yana zaune da wannan mace, sai ya nuna cewa Riki ne ya cancanci sunan jarumi.

A cikin labarin ba wanda ya kira shi George Reeves. Superman kawai ake ce masa, don kada a ɓata wa yara abin da suka yarda da shi. Wasu sun zo a ji sunansu. Shi ya ajiye nasa a ƙofa.

Da baƙi suka fi ƙarfin gida

An rufe wasan na rabin awa a 1957, alhali shi ne na ɗaya a ƙasar wajen yawan ƴan kallo. Daga 1957 zuwa 1960 aka ci gaba da mutanen nan huɗu, amma a sabon tsari. Aka yi kashi 13 masu awa guda, kowanne da babban baƙonsa. Akwai wuraren dariya a ciki. Amma a ganina daɗin ya ragu. Da, labari ake fara nema, sannan a ga ko yana bukatar baƙo. Yanzu kuwa kana ji a jikinka baƙon aka fara samu, sannan aka ɗinka masa labari. Fired da Etel suka koma gefe. Rigimar kuɗin cefane da ta maƙwabtaka, wadda kowane magidanci ya sani, ta ja baya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da daɗi da safe, amma ba ita ke raya gero ba. A 1960 wasan ya ƙare, auren Lucille da Desi ma ya mutu a shekarar.

Waɗanda ba a kira ba

Ka lura da wata kalma. In ka rubuta "baƙi", tana iya zama mutanen da suka zo gidanka, tana kuma iya zama launi. A baki sun bambanta, a takarda iri ɗaya ne. To, gidan Lusi ya cika da baƙi, amma cikin manyan taurarin da aka yi tallar zuwansu babu baƙar fata ko ɗaya.

Ba don babu gwanaye ba ne. A lokacin akwai Louis Armstrong, da Ella Fitzgerald, da Nat King Cole, duniya duk ta san su. Amma zamanin wariyar launin fata ne a Amurka. A 1955 wani baƙar fata mai suna Sam McDaniel ya fito a wasan, a matsayin ma'aikacin jirgin ƙasa mai hidimar fasinja. Ƴar uwarsa Hattie McDaniel ita ce baƙar fata ta farko da ta karɓi Oska, a 1940. A watan Disamba na wannan shekara ta 1955 ne aka kama Rosa Parks a garin Montgomery, don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a cikin bas. Nat King Cole ya samu nasa shirin talabijin a 1956, amma ya rufe a 1957, don ba a samu babban kamfanin da zai ɗauki nauyinsa a ƙasa baki ɗaya ba.

Ka tuna mun ce mai gidan shi kansa baƙo ne. Wasan ya yi abin yabo da ya sa ɗan Kuba a matsayin miji, mai sana'a, mai faɗa a ji, a lokacin da manya suka ce ba zai yiwu ba. Ya buɗe ƙofa ɗaya. Ɗaya ƙofar kuwa ya bar ta a rufe. Mai kallo na gaskiya yana yaba ta farko, ba ya kuma mance ta biyu.

Abin da za ka riƙe

Nan gaba in kana kallon wasa, aka shigo da wani sananne, ka yi wa kanka tambaya uku. Ta ɗaya: in aka cire shi, labarin zai rushe, ko ba abin da zai ragu? Ta biyu: ya yarda a taɓa girmansa kamar kowa, ko kuwa kirari kawai aka kawo shi ya sha? Ta uku: me yake sayarwa, kuma wa aka bari a waje?

Mai aikin alewa, da Ani ɗan ƙauye, da Holden, da Harpo, da Superman, duk sun tsallake. John Wayne ma ya tsallake, ko da yake ya zo da hajarsa a hammata. In kun taru da dare a dandali, wani ya buɗe waya, ku nemi wasan madubin Harpo da Lusi. Mintoci kaɗan ne. Ku kalla, sannan ku yi gardama a kai: tsakanin baƙon da mai gidan, wa ya fi wani? Sai wani jiƙon.